Ligali, Rijiyar Tawa Ce

Wanda ya ba mu Baba ya karɓi abinsa ranar wata Laraba da hantsi, gero na tsaye a gona yana jiran girbi. Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Na zo na duba shi da ya kwanta, aka ce da sauƙi, na koma gidan mijina a Baure. Hannuna na cikin wanke-wanke aka bugo waya. Kafin motar haya ta cika, ta tashi, ta tsaya nan ta tsaya can, na iso Daura an riga an kai shi makwancinsa. Ban ga fuskarsa ba. Wannan abu yana cin raina har yau, ba zan ɓoye ba.

Abin da na fara gani da na shigo layinmu shi ne shimfiɗa a ƙofa biyu. A ƙofar gidanmu Yaya ne zaune, babban wanmu da ya zo daga Kano tun kwanciyar Baba, shi da Liman da dattawan unguwa. A ƙofar da ke manne da tamu kuma Baffa ne, ƙanen Baba uwa ɗaya uba ɗaya, shi kaɗai a kan buzu da carbi a hannu. Masu gaisuwa sai su tsuguna a nan su yi addu'a, su tashi su kakkaɓe gwiwa, su sake tsugunawa a can. Mamaci ɗaya, zaman makoki biyu. Baƙi suna ta kallon juna, 'yan unguwa kuwa sun san zancen, sai su sunkuyar da kai su wuce.

A cikin gida mata sun cika ko'ina. Inna, mahaifiyarmu, tana ɗaki ta shiga takaba, Goggo ƙanwar su Baba ce ke karɓar gaisuwa a tsakar gida. Ana cikin jimami sai ga tsohuwa mai daddawa ta shigo tana dogara sanda, ta zauna daɓas, ta ce, "Allah sarki! Mai ligali ya tafi. Yanzu wa zai ce mana ligali?"

Wata ta ƙunshe dariya, ta kuɓuce mata. Goggo ta ce, "Kai, ku ji mini mata! Gidan mutuwa ne fa." Ba ta rufe baki ba ita ma ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta na rawa, ban san ko kuka ne ko dariya ba. Daga nan baki ya buɗe. Matar maƙwabcinmu ta ce akuyarta ta taɓa afka wa waken Baba da ya shanya, ya kama ta ya ɗaure, ya zo ƙofar gida ya ɗaga yatsa ya ce, "Ligali, akuyar nan ba a kwance ta sai an biya ni ɓarna." Tana cikin zullumin abin da za ta faɗa wa maigida, sai ga Baba ya jawo akuyar da kansa, da ƙullin harawa a hammata, wai ya duba ya ga yunwa ce ta sa ta sata. Kowace mace da nata labarin, kuma duk kanwar ja ce. In Baba ya ɗaga yatsa ya ce ligali, to ka tabbata abin da ya ambata ya kusa barin hannunsa.

Washegari da safe muka ji ƙarar sauke kaya a ƙofar gida. Na leƙa, sai ga bulo an jibge. Na tambayi Yaya na mene ne. Ya ce da zarar an yi sadakar bakwai zai toshe kafa.

Sai na yi wa wanda bai san gidanmu ba bayani. Asali gida ɗaya ne, na kakanmu, aka raba wa Baba da Baffa. Akwai katangar ƙasa tsakani, a jikinta kuma akwai kafa, faɗinta daidai mace da bokiti a ka. Taku kaɗan daga kafar, ta ɓangarenmu, rijiya ce. Ruwanta garɗi gare shi, kuma ko a tsakiyar bazara ba ta taɓa ƙafewa ba. Famfon unguwarmu kuwa sai ya ga dama. Ta kafar nan matar Baffa da surukanta suke ɗiban ruwa, ta nan matan gidajen baya suke ratsowa ba sai sun fita titi ba. In an toshe ta, gidan Baffa ba ruwa sai na saye, matan baya kuma sai su san inda dare ya yi musu. Goggo kan ce, "Ku da rijiyarku sai ka ce Kusugu." Amma ita ma in ta zo daga Sandamu da jarka take komawa.

Mutum ɗaya ne a unguwar ba ya shan ruwan nan, shi ne Baffa. Zan zo kansa.

Ni tun ina ƙarama bakina bai iya ajiye tambaya ba, Baba ma kan ce da an bar ni da na tambayi kaza dalilin da ba ta fitsari. Ina zaune cikin masu makoki, ga baƙin ciki, ga bulo a ƙofa, amma abin da ke ta kai-komo a kaina shi ne, wai ina Baba ya samo kalmar nan? Mutumin da ko ajin farko bai taka ba, allo da gona da kasuwar dabbobi ya sani. Mun tashi ba ma jin ta a bakinsa, rana ɗaya kawai ta ɓullo, ta zauna daram. Kuma ba inda ya ga dama yake jefa ta ba. Kullum a farkon magana take zuwa, da yatsa a sama, sai ya ɗan dakata kamar mai jiran a nutsu, sannan ya faɗi sauran. In an yanka kaza zai ɗauki cinya ya ce, "Ligali, wannan ta maigida ce." Sai ya juya ya miƙa wa Inna. Ita kuma ta ce, "Kai dai ka ci abinka, Malam, kullum sai an yi shari'a a kan kwano?"

Amsar ta zo da ƙafarta. Akwai wani Ibo Kirista mai shagon kayan gyaran babura da motoci a bakin tasha, kowa Oga yake ce masa. Ya daɗe a garin har Hausarsa ta fi ta wasu 'yan boko. Ya zo gaisuwa da ƙullin goro, ya cire takalmi, ya durƙusa a bakin labulen Inna ya ce, "Mama, sai haƙuri. Ni ma ubana ne ya mutu." Da zai fita na yafa mayafi na bi shi har soro.

Na ce, "Oga, don Allah in tambaye ka. Kai da kuka saba da Baba, ina ya samo ligalin nan?"

Ya yi dariya, sai kuma ya zaro hankici ya share ido. Ya ce, "A bakina ya ɗauka."

Ya ce shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a a jihar nan ne. Jita-jita ta cika gari, ana ta ce wa mutanensu za a kore su, za a yi kaza, za a yi kaza, har wasu suka loda kaya suka nufi gida. Shi ma ya fara ɗaure kwalaye. Sai ga Baba ya zo neman tsohuwar robar cikin taya, don da ita yake ɗinka guga. Ya tarar da Oga yana ta faɗa da Turanci shi kaɗai, wai bai ci na kowa ba, bai taɓa kowa ba, kuma ligali yake zaune a garin nan.

Oga ya ce, "Sai Baba ya ce, 'Tsaya, tsaya. Wannan da ka faɗa yanzu, mece ce ita?' Na ce masa, Baba, abin da doka ta yarda ka yi, ko wanda ta ce dole ka yi, shi ne ligali. Ya yi ta juya ta a baki kamar goro. Sai ya ce, 'To in ligali kake zaune, ligali za ka kwance kayan nan. Shari'ar da na sani ta ce maƙwabci yana da haƙƙi, ba ta ce a tambayi addininsa ba.'"

Daga ranar, in ji Oga, kullum da safe Baba sai ya zo ya zauna a bencin ƙofar shagon yana ɗinkin gugansa, ba ya cewa komai. Duk wanda ya wuce sai ya ga dattijo mai furfura, ɗan sahun gaba a masallaci, zaune a nan. Da ƙura ta lafa sai ya rage zuwa. Mu a gida ba wanda ya sani, Inna ta ɗauka kasuwa yake tafiya.

Na taɓa tambayarsa, wata rana na zo ganin gida na same shi a rumfa yana tufka igiyar guga. Na ce, "Baba, me ya sa ba za ka ce halal ba, ko ka ce bisa doka, kamar kowa?" Uwata yake ce mini, don sunan mahaifiyarsu aka sa mini. Ya ce, "Uwata, halal kalmar Ubangiji ce, ba a wasa da ita a kan cinyar kaza. Ligali kuwa ta mutane ce. Tana nuna maka inda naka ya tsaya. Abin da za ka yi da naka ɗin kuma, wannan ba ruwanta." Na ce to me ya sa sai ka faɗa, tunda ka san bayarwa za ka yi? Ya ce in riƙe masa bakin igiyar, surutuna ya yi yawa.

Kada a ɗauka waliyyi nake kwatantawa. Baba yana da taurin kai irin wanda ko jaki sai ya sara masa. In ya ƙudura abu ba ya shawara, in ya yi ba ya bayani. Wannan hali shi ya raba shi da ɗan'uwansa.

Wata shekara cuta ta shiga shanun Baffa, ya wayi gari turkensa wayam. Sai wani mai kuɗi ya zo yana son sayen bakin gidan ta ɓangaren hanya ya jera shaguna. A lokacin babu katanga, tsakar gida ɗaya ce, kowa na ganin rijiyar ta gado ce ta su biyu. Mai sayen ya ce sai dai a haɗa da wurin rijiyar, a cike ta a yi gini a kai. Baffa ya yarda a nasa rabin, ya zo ya roƙi Baba ya yarda a nasa. Baba ya ce a'a. Baffa ya ce to a raba, shi ya sayar da nasa. Baba ya ce ba a raba rijiya. Goggo ta zo ta yi magana, Liman ya yi, Mai Unguwa ya yi, a banza. Sai kawai aka wayi gari ɗan aiken kotun Shari'a ya kawo wa Baffa sammaci.

Wa ya taɓa jin wa ya kai ƙanensa gaban alƙali? Unguwa ta ɗauka. Ni kaina na ji kunya, wallahi na ji, har na daina zuwa biki na ɗan lokaci. Baffa ya tsaya a gaban jama'a ana kiran sunansa da na ubansa kamar ɓarawon akuya. Baba ya gaya wa alƙali cewa kakanmu ya raba musu gidan tun yana da rai, kuma ya binne tsohon dutsen niƙan mahaifiyarsu a matsayin iyaka, lokacin Baffa bai yi wayo sosai ba. Alƙali ya zo da kansa, aka haƙa inda Baba ya nuna, sai ga dutse. Rijiya ta faɗo ɓangaren Baba. Alƙali ya ce a yi katanga a kan iyakar don rigima ta mutu. Mai shaguna ya fasa ciniki.

A bakin rijiyar, a gaban kowa, Baffa ya rantse da Allah ba zai ƙara shan ruwan rijiyar Baba ba. Ya juya ya shiga ɗakinsa. Daga ranar magana ta yanke tsakaninsu, sai sallama a masallaci, ita ma a daƙile.

Baba ya kira magini. Ya ce, "Ligali, dole in yi katanga, alƙali ya ce." Da gini ya zo daidai rijiya sai ya ce a tsallake nan. Magini ya ce ai sai ta zama ba katanga ba. Baba ya ce ya yi abin da aka sa shi. Haka kafa ta samu.

Wadda ta sha wahalar rantsuwar nan matar Baffa ce, baiwar Allah. Randa biyu take ajiyewa, ɗaya ta gida daga rijiya, ɗaya ta Baffa daga 'yan garuwa. Tuwonsa ma a 'yar tukunya daban take tuƙawa, don kada ɗigon ruwan rijiya ya shiga cikinsa. Shekara da shekaru tana wannan aiki. Baba ya aika wa Baffa bijimi da karsana ta hannun Goggo don ya sake kafa turke, Baffa ya maido. Baba bai sake aikawa ba, kuma bai taɓa ratsa kafar da ƙafarsa ya ce ɗan'uwana yi haƙuri ba.

Na tare shi da zancen sau ɗaya, raina a ɓace. Na ce, "Baba, akuyar maƙwabta ka yafe mata, cinyar kaza ka bayar, amma rijiya ka kai ƙanenka kotu? Ina ligalin ya tafi ranar?" Na ɗauka zai yi mini tsawa. Sai ya dube ni ya ce, "Uwata, kin taɓa ganin wanda ya yi kyauta da rigar aro?" Na ce ban gane ba. Ya ce in je in taya Inna tankaɗe.

To, ranar sadakar bakwai, bayan an raba waina jama'a sun ragu, Yaya ya sa aka shigo da bulon aka jera kusa da kafa. Ina zaune a bakin ɗakin Inna sai ga matar Baffa ta ratso da bokiti. Ta ga bulo, ta ga magini yana kwaɓa siminti. Ta juya da bokitinta wayam. Wannan juyawar ita ta tayar mini da hankali.

Na miƙe na ce, "Yaya, ashe da gaske kake? Ƙasar kabarin Baba ko bushewa ba ta yi ba! Rijiya ta bayar, guga ya hana?"

Ya ce, "Ke, ki iya bakinki. Gidan nan ya zama hanyar kasuwa, Inna na takaba kowa na ratsawa. Bakin rijiyar ya zaizaye, jiya saura ƙiris wani yaro ya afka. Kuma mutumin da ya ƙi gaida ubana yana kwance yana jinya, katanga ɗaya tsakani, ya ƙi zama da mu a karɓi gaisuwa, shi ne iyalinsa za su ci gaba da shan ruwan ubana?" Na san ba mugunta ba ce, ciwo ne, don shi ya yi jinyar Baba, shi ya ga yadda idon tsohon ke komawa kan kafar nan duk lokacin da aka yi motsi. Sai Yaya ya ɗaga yatsa, ban sani ba ko da gangan, ya ce, "Ligali, rijiyar nan gadonmu ce yanzu."

Tunda nake ban taɓa jin an faɗi kalmar nan don a riƙe abu ba. Na ce, "Kada ka ƙara sa kalmar Baba a bakinka in toshewa za ka yi!" Goggo ta ce mu yi wa Allah mu yi shiru, ta aika a kira Liman.

Liman ya shigo da sallama, tsoho ne sosai yanzu, aka shimfiɗa masa tabarma a inuwar katanga. Ya saurari Yaya, ya saurare ni. Sai ya ce dama yana jiran a zo rabon gado ne ya sauke nauyin da ke wuyansa, amma tunda siminti ya riga shi, bari ya faɗa. Ya ce bayan an gama katangar nan da 'yan kwanaki, Baba ya kira shi shi da Mai Unguwa na wancan lokaci, ya tsayar da su a bakin rijiya, ya mai da ita waƙafi. Wato ya fitar da ita daga dukiyarsa ya bar wa Allah, ba a sayarwa, ba a gado, ba a hana kowa. Baba ya kuma ce su riƙe a cikinsu, ba ya son a yi ta yabonsa a kai.

Na ji kamar an buɗe mini taga. Rigar aro! Muddin rijiyar ta su biyu ce, Baba ba shi da ikon bayar da ita, kuma Baffa na iya sayar da rabinsa a cike ta. Sai da ta tabbata tasa shi kaɗai, sannan ya iya sakin ta yadda ba mai iya kamawa. Na dubi Goggo, ta riƙe baki.

Yaya ya dubi rijiyar. Sannan ya ce, "Malam, ba ƙaryata ka nake ba, Allah ya kiyaye. Amma Mai Unguwa ya rasu. Baba bai taɓa faɗa mini ba, har a jinya. Akwai ƙannena marayu da ke da haƙƙi a gidan nan, ba zan fitar da abu daga gadonsu a kan shaida ɗaya ba."

Liman ya sunkuyar da kai. Magini ya tsaya da cebur a hannu yana jiran a ce masa ci gaba.

Sai muka ji gyaran murya a bayan katanga. Wani ya dafa gefen kafa. Baffa ne, ya sunkuyo, ya ratso, ya tsaya a tsakar gidanmu, inda rabonsa da takawa tun ranar da alƙali ya zo.

Ya ce, "Shaida biyu ce."

Muka zuba masa ido. Ya ce, "Ina zaune a gindin darbejiyata a bayan katangar nan ranar. Mutumin da ko kiran yaro ba ya ɗaga murya, ranar ya ɗaga ta kamar mai kiran salla. Ya san ina wurin. Ya ce, 'Ligali, rijiyar nan tawa ce, alƙali ya tabbatar. To ku shaida na fitar da ita daga hannuna da na magadana, na bar wa Allah, ladan ya kai wa mahaifiyarmu. Kafar nan kuma kada wanda ya toshe ta.' Haka ya faɗa, Malam, ko na rage?"

Liman ya ce, "Ba ka rage ba."

Bakin nan nawa dai. Na ce, "Baffa, ka sani? Duk shekarun nan ka sani?"

Ya ce, "Na sani."

"To me ya hana ka sha? Ai ba tasa ba ce tun ranar!"

Ya ce, "Ba rantsuwa ce ta hana ni ba. In na sha, dole in dube shi in ce ya fi ni gaskiya. Shi kuma ya tsayar da ni a gaban alƙali, bai taɓa cewa in yi haƙuri ba. Ina jiran ya ratso, yana jiran in ratso. Kullum ina cewa gobe." Ya waiwaya ya dubi kafar. "Ranar Laraba na ji kukan mata ta kafar nan."

Goggo ta fashe da kuka tana cewa, "Kai, jinin gidan nan! Kai, taurin kan gidan nan!" Yaya ya zauna a kan bulonsa ya rufe fuska da hula. Ni haushi ne ya kama ni, na su duka biyun, na mai rai da na mamaci. Taku nawa ne tsakanin rumfar Baba da darbejiyar Baffa? Baba ya iya bayar da rijiya sukutum, amma kalma ɗaya ta ban haƙuri ta gagare shi. Ina son shi, ina kewar shi, kuma da zai tashi a lokacin da na gaya masa wannan a gaban idonsa.

Baffa ya matsa bakin rijiya. Ya waiwayo ya dube ni, ya ce, "Uwata, miƙo gugan."

Rabon da in ji sunan nan a bakinsa tun kafin a yi mini aure, kuma na riga na fid da rai zan sake jin wani ya kira ni da shi. Na ɗauko gugan, ɗinkin Baba ne, igiyar ma tufkarsa ce. Yaya ya taso zai karɓa ya ja masa, Baffa ya ce a'a. Ya zura da kansa, ya jawo a hankali yana hutawa. Ya tsuguna ya yi bisimilla, ya kafa kai a bakin gugan. Ruwa na bin gemunsa yana jiƙa masa riga, bai ɗago ba sai da ya ƙoshi. Matarsa na tsaye a bakin kafa da bokitinta, tana kallo.

Ya ce, "Yana nan yadda na bar shi."

Bulon bai koma ba. Yaya ya sa magini ya ɗaga bakin rijiyar da shi, ya yi mata murfi saboda yara. Matar Baffa ta wanke 'yar tukunyar nan ta kife. Masu gaisuwar da suka makara, waɗanda suka zo daga Zango washegari, a ƙofa ɗaya suka tsuguna, Baffa na zaune a kan buzunsa kusa da Yaya yana amsa musu.

Ya Allah, bawanka ya zo maka da taurin kansa da alherinsa, Kai ka fi mu sanin kowanne. Ka yafe masa na farkon, Ka karɓi na biyun, Ka shayar da shi daga Alkausara kamar yadda ya bar wa unguwa ruwa. Da zan koma Baure na cika jarka, na fita ta kafa, na bi ta gidan Baffa na yi masa sallama.